Mutum Huɗu a Kowane Sawu

"Buɗe bayan nan su hau," in ji Baffa.

"Ba za su hau ba, Baffa."

Injiniya ba ta ɗaga murya ba. Hannunta ɗaya na kan murfin bayan motar, ɗayan na riƙe da makulli. Gari bai gama wayewa ba. A bakin mararraba, inda kwalta ta ƙare burji ya fara, mata ashirin da biyu na tsaye da gorunan ruwansu, kowace ta ci ɗamara don tsinkar tumatir. Biyu daga cikinsu har sun ɗora ƙafa a kan taya. Suka sauke a hankali.

Baffa yayan mahaifinta ne, kuma gonar tasa ce. Shekara biyu ke nan da ya ba ta aikin kwaso masa kwandunan tumatir daga gona zuwa kasuwa da a-kori-kurarta, kuma da wannan aikin take ciyar da kanta da mahaifinta. Matan kuwa wata tsohuwar bas ce ke kai su gonar. Jiya da yamma kwalbatin da ke kan rafi ya rufta, hanya ɗaya da ta rage ita ce a gangara cikin rafin a haura ta ɗaya gefen. Bas mai jan ciki a ƙasa ba za ta iya ba. Babbar mota ta fi ƙarfin faɗin hanyar. Motar Injiniya ce kaɗai ta dace da wurin, kamar don shi aka ƙera ta.

"Me kika ce?" Baffa ya karkato kunne, kamar da gaske bai ji ba.

"Gaba akwai kujeru. Mutum huɗu za su shiga, in kai su in dawo. Bayan na kwanduna ne."

"Huɗu?" Wata dattijuwa mai faɗin kafaɗa ta matso. Ita ke tara matan, ita ke raba musu kunyoyi a gona, shi ya sa suke kiran ta Kyaftin. Ta lanƙwasa yatsu tana lissafi a fili don kowa ya ji. "Huɗu, huɗu, huɗu... sawu shida ke nan, 'yar nan. Kafin ki kai na ƙarshe tumatir ya dahu a jikin uwarsa. Sai mu tafi da cokali."

Matan suka yi dariya. Baffa bai yi ba.

"To raba su biyu," ya ce, yana danne fushinsa. "Goma sha ɗaya yanzu, goma sha ɗaya anjima. Ki tafi a hankali. Wa ya ce ki yi gudu?"

"Baba ma a hankali yake tafiya ranar."

Manyan cikin matan sun san ranar da take nufi, suka sunkuyar da kai. Baffa ya dube ta ya daɗe, sannan ya kawar da fuska ya tofar da yawu gefen hanya.

"Yi yadda kika ga dama, Injiniya," ya ce, ya ja sunan kamar yana zagi. "Yau dai."

Ta yi sawu shida. Kowane sawu minti arba'in, zuwa da dawowa. Rukunin ƙarshe ya isa gona rana ta take, kuma da yake da yawan kwandon da mace ta cika ake biyan ta, waɗancan sun tashi da rabin abin da suka saba. Da yamma ba wadda ta tsaya jiran ta. Suka kama hanya da ƙafa. A ranar Injiniya ta samu sabon suna, Huɗu-Huɗu.

Motar ta girmi karatunta. Farar a-kori-kura ce mai ƙofa huɗu, matsakaiciya, gajeren bodi a baya. Mahaifinta ya saye ta tun tana 'yar shekara tara, kuma lokacin babu wanda ya kai shi alfahari a layinsu. Yakan ce motar ta haɗa komai: ta kai iyali unguwa, ta ɗauko buhu, ta shiga taɓo ta fita. Bai taɓa faɗin ɗaya ɓangaren ba, cewa mai irin wannan mota ba ya mallakar safiyarsa. Mai tashi daga gida zai buga ƙofa, mai katako zai buga, mai mara lafiya zai buga. Kuma duk wanda ya leƙa bayan ya ga fili, a idonsa wurin zama ne.

Shekara goma sha ɗaya da suka wuce Baba ya kwaso ma'aikata daga wannan gonar ta Baffa. Gaban ya cika da tsofaffi, sai ya sa 'ya'yansa biyu a baya tare da sauran, ita da Auta. Auta na da shekara bakwai. Ta zauna a kan tudun taya, wurin da kowane yaro ke so, tana riƙe da gefen bodi da hannu ɗaya, ɗayan na riƙe da tumatir da aka ba ta. Motar tana tafiya kamar ta mai tallan kaya. A wani gangare tayar baya ta faɗa rami. Bayan a-kori-kura yana da tauri, an yi ƙarafan sifirin da ke ƙarƙashinsa ne don nauyin kaya, in ya daki rami cilla abin da ke kansa yake yi. Injiniya ta tuna ta miƙa hannu ta kamo gefen rigar Auta, rigar ta zame. Ba ta yi nisa ba. Dutse ɗaya ne a wurin, a kansa ta faɗa, ba ta sake tashi ba.

Daga ranar Baba bai sake taɓa sitiyari ba. Ya lulluɓe motar da tamfol a tsakar gida, kaji suka mayar da ƙarƙashinta ɗaki. Bayan shekara biyu mahaifiyarsu ta kwanta ciwo ta rasu. Ita kuwa ta yi karatu kamar mai rama faɗa, har ta fito da takardar shaidar injiniyan injuna. Ta yi shekara guda tana yawon ofisoshi da takardar a cikin leda. Ranar da ta gaji, ta dawo gida ta yaye tamfol ɗin. Wata huɗu ta yi tana kwance injin tana ɗaurawa. Da motar ta tashi, Baba ya shiga ɗaki ya fito da takardunta, ya je aka mayar da su sunan 'yarsa. A ranar ta ɗaukar wa kanta alkawari guda, cewa mutum ba zai sake hawa bayan motar ba, kuma ba ta faɗa wa kowa ba sai da Baffa ya tilasta ta a mararraba.

Washegari ta iso da wuri, ta tarar babu kowa sai mai shayi yana hura wuta.

"Sun wuce tun ɗazu," ya ce. "Kyaftin ta ce ƙafarsu ta fi motarki sauri."

Ta same su a kilomita na uku, sun jeru a gefen burji. Ta rage gudu ta sauke gilashi.

"Iya, ina kwana? A ba ni huɗu daga cikin waɗanda suka gaji."

"Duk mun gaji," in ji Kyaftin, ba ta ko waiwayo ba. "Waɗanne za ki zaɓa?"

"Ga surukarki nan da ciki. Ta shigo, ke ma ki shigo."

Surukar, yarinya siririya da cikinta ya fara turo zani, ta dubi kujerar ta dubi uwar mijinta. Kyaftin ta tsaya cak, duk layin ya tsaya.

"Ki saurare ni, 'yar boko. In huɗu suka riga mu isa, su za su kama kunyoyin da suka fi nuna, sauran mu zo mu tarar da saura. Da yamma a yi faɗa. Shekara goma sha biyar ina haɗa kan matan nan, ba za ki raba mini su da kujera ba. Ko mu hau duka, ko mu taka duka."

"Iya, bayan nan ba shi da abin riƙewa. Kin san abin da ya faru."

"Na sani. Ina cikin motar ranar, ni na lulluɓe ta da mayafina." Muryarta ta ɗan sauka, sannan ta sake tashi. "Allah ya ji ƙanta. Amma ke, kin taɓa taka kilomita tara, sannan ki sunkuya tun safe har la'asar, sannan ki sake taka tara? Mu ba yara ba ne. Mun san yadda ake zama a bayan mota tun kafin a haife ki. In faɗuwa ce jikinmu ne. Wa ya naɗa ki mai gadin ranmu?"



"Motata ce, Iya," in ji Injiniya.

"Ai kuwa. To ja abarki, kina tayar mana da ƙura."

Ta ja. A madubi ta ga suna rufe hanci da gefen mayafi, ta ga bodin motarta wayam, babu komai sai igiya a naɗe. Ba ta taɓa jin nauyin motar irin na wannan safiyar ba.

Ba zama ta yi ba. Da ta sauke lodin ƙarshe a kasuwa ta wuce wurin mai walda, wani gurgun mutum mai ban dariya da ya taya ta gyaran motar tun farko. Ta zana masa abin da take so a bayan kwali: benci biyu, ƙarfen kariya kewaye, rufi a sama. Ya ɗauki awo ya zagaya bodin yana fito.

"Injiniya, ke da kanki? Wannan bodin ko ni in na kwanta sai na naɗe ƙafa, kuma kin ga ƙafar tawa ɗaya da rabi ce. Mutum takwas, in sun yi azumi. Ki ɗora ƙarfe sama, ki ɗora mutane kan benci, nauyi ya koma can bisa. Ki karkata a gangaren rafin nan ki gani. Da mutum ɗaya zai faɗo, yanzu sai ku kife gaba ɗaya, da ke da su da aikina."

"Na yi lissafin," ta ce. "So nake wani ya ce mini na yi kuskure."

"Ba ni ba. Sannan kwandunan a ina za ki sa, a kanki?" Ya buɗe ƙofar direba ya nuna ɗan ƙarfen da ke manne a jikin ginshiƙi, inda aka rubuta iyakar nauyin da motar ke ɗauka. "Ke kika koya mini karanta wannan. Mata ashirin da biyu sun wuce shi nesa. Matsalar motarki ke nan. Ta yi wa ƙaramin aiki girma, ta yi wa babba ƙanƙanta. Sayar da ita ki sayi bas."

"Bas ba ta sauka rafi."

"To sayi jaki. Shi ba a tambayar sa takarda."

Ta yi murmushi don kada ya ji kunya.

A kwana na biyar, tana tsakiyar ɗaure kwanduna a bakin gona, ta ji ihu daga cikin kunyoyi. Mata huɗu suka fito ɗauke da surukar Kyaftin, zaninta ya jiƙe. Injiniya ta yanke igiyar da wuƙa, ta kwantar da kujerar gaba, suka shigar da ita. Kyaftin ta zauna a kujerar baya ta tallafe kan yarinyar. Ranar motar ta nuna abin da ta iya. Ta sauka rafin ta haura ba ta ko yi tari ba, ta cinye burjin, ta hau kwalta. Kwandunan da ba a gama ɗaurewa ba suka yi ta faɗuwa, tumatir na fashewa a hanya, ba wanda ya waiwaya. Cikin minti talatin suna ƙofar asibiti.

An ceci yarinyar, cikin bai tsaya ba.

Injiniya ta tari wata ma'aikaciyar jinya a baranda. "Tafiyar ƙafa ce ta jawo?"

"Ba zan iya ce miki e ba, ba zan iya ce miki a'a ba," in ji matar. "Wani yakan zube ana kwance a gado. Amma doguwar tafiya da sunkuyo ba su taimaka ba."

Kyaftin na zaune a kan benci, tafin ƙafarta duk ya tsage. Injiniya ta durƙusa a gabanta.

"Iya, sannu. Na ce ta shigo ranar..."

"Kin ce. Ni na hana." Ta ɗago jajayen idanu. "Ni da ke muka haɗu muka yi wannan. Ni zan ɗauki rabona. Ke ma ki ɗauki naki, kada ki bar shi a nan. Tashi ki ba ni wuri."

Da ta koma gida rana ta kusa faɗuwa. Ta tarar da takalman Baffa a bakin baranda. Baba na zaune a kujerarsa ta roba, robar maganin hawan jininsa a gefe, Baffa na tsaye a kansa. Ta gaishe su. Baba ne kaɗai ya amsa.

"Ga ta nan," in ji Baffa. "Kwando tara ta watsar mini a hanya, ban yi magana ba, rai ake ceto. Amma tumatir na ruɓewa a gona saboda mata na isa a gajiye. Yau an yi asarar ciki. Gobe me za a yi? In ba za ta ɗauke su ba, ta ba ni makullin, ina da mai tuƙawa."

"Ko wa ya tuƙa, bayan dai shi ne bayan, Baffa."

"Ba da ke nake ba. Da ubanki nake." Ya juya. "Kai, yi mata magana. Ni na riƙe gidan nan shekara tara kana zaune kana kallon bango. Ban taɓa goranta maka ba. Yau ina neman abu ɗaya."

Baba ya daɗe yana murza yatsunsa. Ita kuwa zuciyarta a kwance take, don a duk duniya in akwai wanda zai tsaya mata a kan wannan, shi ne.

"Uwata," ya ce, sunan da yake kiran ta da shi tun tana ƙarama. "Ki ɗauke su."



"Baba?"

"Ki ɗauke su. Ki tafi a hankali, ki kauce wa ramuka. Kin fi ni iya tuƙi." Bai dube ta ba. "Na ɗauki mutane a bayan motar nan ya fi sau ɗari biyar. Sau ɗaya ne. Ƙaddara ce, da ko a ɗaki take sai ta same ta."

"In haka ne me ya sa ka rufe motar shekara tara?"

"Ke!" Baffa ya daka mata tsawa. "Ubanki kike yi wa wannan tambayar? Abin da aka koya muku ke nan a makarantar?"

Ta durƙusa har ƙasa, yadda ba ta taɓa yi ba tun da ta girma.

"Baba, ka yafe mini. Ka ce in wanke gidan nan da harshena, zan yi. Ka ce in yi sawu goma kullum a kan man da zan saya da kaina, zan yi. Amma kai kana gaba ranar, madubi kawai ka gani. Ni rigarta ce ta zame a hannuna. Sau ɗayan nan da kake faɗa, a cikinsa muke zaune har yau, ni da kai. Ba zan buɗe murfin nan mutum ya hau ba."

Baba ya miƙe da ƙyar, ya dafa bango ya shige ɗaki, ya saki labule. Baffa ya zura takalmansa.

"Daga gobe kada in ga tayarki a gonata," ya ce. "Ki ci takardarki."

Kwana biyu bayan haka ya samo wani mutum daga wani gari, mai tsohuwar a-kori-kura shuɗiya wadda murfin bayanta da waya aka ɗaure shi. Shi bai yi lissafin komai ba. Da safe yakan loda matan duka ashirin da ɗaya, wasu a tsaye sun riƙe juna, wasu a kan gefen bodi ƙafafunsu na lilo a waje. Da rana ya kwashi tumatir. Da yamma ya dawo da su.

Injiniya ta shiga neman aiki. A nan ta gane sauran halin motarta. A kasuwa masu keke mai ƙafa uku sun fi ta araha, suna kuma kutsawa lungunan da ita sai ta tsaya a baki. Masu siminti da rodi babbar mota suke nema, sawu ɗaya a gama. Wanda ya kira ta don buhu ashirin, in ta zo sai ta tarar arba'in ne, in ta nuna masa ɗan ƙarfen jikin ƙofa ya ce ai an faɗa masa halinta. Motar kuwa ko da kaya ko babu kaya shan manta ɗaya, kamar raƙumin da ya dawo daga tafiya. Taya ɗaya in ta fashe sai ta cinye aikin mako. Daga ƙarshe ta samu kwasar kashin kaji daga wata gona zuwa wurin masu lambu, sau uku a mako. Warin ya kama kujerun, ya kama gashinta. Ta sayar da rediyon motar, daga baya ta sayar da safayar taya. Maganin Baba ta koma sayen na kwana goma maimakon na wata.

Hanyar gonar kajin ta mararraba take bi. Kusan kullum sai ta haɗu da shuɗiyar motar ta taso, bayanta ya lotsa har yana kusan taɓa taya, matan na hira suna dariya, iska na kaɗa mayafansu. Wata takan hango ta ta yi ihu, "Huɗu-Huɗu! Kashi nawa kika ɗauka yau, huɗu?" Sauran su kwashe da dariya. Kyaftin ba ta dariya, ba ta kuma kallon ta. Takan zauna a kan tudun taya, hannu ɗaya a gefen bodi.

Duk ranar da ta gan su sai ta tsinci kanta tana kasa kunne, ko za ta ji an ce wani abu ya faru a gangaren rafi. Wata rana ta tsayar da motar a gefen hanya, ta tambayi kanta tsakani da Allah ko so take ya faru, don a ce ta yi gaskiya. Ta daɗe kafin ta amsa. Ba ta so. Amma ta ji tsoron daɗewar da ta yi.

Babu abin da ya faru. Makonni bakwai mutumin ya yi yana sauka rafin yana haurawa da mata a bayansa, ko ɗankwali bai faɗo ba. Aka gama tsinkar tumatir. Aka gyara kwalbatin, bas ta dawo. Baffa ya bar wa mai shuɗiyar motar aikin kwanduna har na baɗi.

Ranar da ta ji wannan labarin ta dawo gida da wuri. Ta ɗebo ruwa a bokiti ta hau bayan motar tana wankewa da tsintsiya. Baba na baranda. Tun ranar da ta ƙi maganarsa, gaisuwa ce kawai ke haɗa su, sai "ga abinci", sai "na gode". Ta ga yana kallon ta, ta ɗauka zai shige ɗaki kamar kullum. Sai ya yi magana.

"Ba wanda ya faɗo," ya ce.

"Na sani, Baba."

"To me kika samu?"

Ta tsayar da tsintsiyar. Ruwan datti na zirara ta ƙarƙashin murfin yana ɗiga a ƙasa. Ta dubi tudun tayar, fentin wurin ya goge saboda yawan wanki.

"Ban samu komai ba," ta ce. "Na rasa aikin Baffa, na rasa gidansa. Mata ashirin da biyu sun taka kilomita goma sha takwas kullum har kwana huɗu saboda ni. Yarinyar can ta rasa cikinta, kuma har in mutu ba zan san ko ni ce sanadi ba. Maganinka ya ragu. Kai ma ka daina ce mini Uwata." Ta share goshi da bayan hannu. "Abin da ya ci mini ke nan. Kuma in Baffa ya dawo gobe ya ce in buɗe, amsar ita ce dai."

Baba ya ɗauki robar maganinsa ya girgiza ta, ya ji 'yan ƙwayoyin da suka rage, ya mayar ya ajiye.

Ta sauko ta ɗaga murfin bayan ta rufe, ta sa sakatun biyu. Gobe da sassafe akwai lodin kashin kaji, kuma man da ke cikin tanki zuwa kawai zai kai ta.